Shekarar da Jirgi Ya Tsaya

Abdulwahid ya rasu saura mako biyu Babbar Sallah. Ya bar ragon da ya saya a ɗaure a gindin darbejiya, ya kuma bar wa ƙanwarsa Ma'u wani aiki da ba ta san da zamansa ba, sai ranar da Malam Sunusi ya yi sallama a ƙofar gida.

Malam Sunusi shi ne shugaban ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa na yankin Haɗeja. Tare suka yi aiki da marigayin a tashar Malam Madori har suka yi ritaya. Matar marigayin, Ummussalma, tana cikin takaba, ba ta fitowa wajen baƙi, don haka Ma'u ce ta yafa mayafi ta same shi a zaure. Tun ranar rasuwar kullum a gidan take wuni. Ta ajiye sana'arta ta gumin shinkafa, tukwanen ma har sun fara tsatsa a bayan ɗakinta.

Suka gaisa, ya ƙara yi mata ta'aziyya, sannan ya zaro wata takarda daga aljihun gaba.

"Hajiya Ma'u, ranar Asabar ta sama muna da taro. Bana shekara tamanin ke nan da babban yajin aikin nan na zamanin Turawa, wanda ma'aikatan ƙasar nan suka ajiye aiki gaba ɗaya saboda tsadar rayuwa. Yayanki ne ya kawo shawarar mu ma mu tuna da namu. Shi ya bi gida gida da ƙafarsa, ya tattaro sunayen mutanenmu na nan da suka ajiye diga, mutum goma sha ɗaya. Na farko a takardar mahaifinku ne. Da shi zai tashi ya ba da labarin, ya karɓi takardar yabo. To, Allah ya yi ikonsa. Yanzu sai ke."

"Ni? Malam, ni da ko a gidan biki ban iya guɗa ba?"

"Ba guɗa aka ce ki yi ba. Abin da kika sani za ki faɗa, shi ke nan."

Ya tafi ya bar ta a zaure. Ta daɗe a zaune, tana kallon sawun takalminsa a ƙasa. Abin da ta sani ɗin, ai shi ne damuwar.

Labarin Yaya dai ta haddace shi kamar Fatiha. Ta ji shi a gidan suna, ta ji shi a gidan makoki, ta ji shi a asibiti yana ba ma'aikaciyar jinya alhali ana ƙara masa ruwa. Babansu Tukur lebura ne a layin dogo. Da labari ya iso cewa an ajiye aiki, shi ya fara kifa kwandonsa, ya jingine diga. Heluma, wato shugaban leburori, ya yi lallashi, ya yi barazana, Baba ko kallonsa bai yi ba. Ya ɗaure tabarmarsa ya taka da ƙafa tun daga Malam Madori har Auyo, bai sha ruwan kowa a hanya ba. Idan Yaya ya zo nan yakan ɗaga yatsa ya ce, "Bai sha ruwan kowa ba!" Har ya mutu Ma'u ba ta tambaye shi dalilin ƙin shan ruwan ba.

Amma akwai labarin Inna, mahaifiyarsu, wanda ba a ba da shi a taro, sai a bakin murhu. Inna ta ce aikin nan ba na Baba shi kaɗai ba ne. Lamba ɗaya ce ta tagulla, da sunan Baba a littafin Bature, amma su biyu suke aiki da ita, shi da ƙanensa Yunusa. Da rani Baba ne ke rataya ta ya tafi layin dogo. Da ruwa ya sauka sai ya dawo ya kama gandu, domin shi ne babba, shi ya san lokacin da ake yafa shinkafa a fadama kafin kogi ya kawo. Sai Baffa Yunusa ya karɓi lambar ya tafi. In an kira sunan wansa ya amsa. "Bature lamba yake dubawa, ba fuska ba," in ji Inna. Heluma kuwa ya sani, ya yi shiru, tunda aiki bai tsaya ba.

Shekara hamsin Ma'u tana ɗauke da labaran nan biyu, kowanne a nasa wuri, ba su taɓa haɗuwa a kanta ba. Sai yau. Malam Sunusi ya ce shekara tamanin cif ranar Asabar. Ta ɗaga kai ta leƙa waje. Hadari ne ya haɗo daga gabas, manoma na ta wucewa a kan babura da buhunan iri. Damina ce. Yajin nan da damina aka yi shi.

To in da damina ne, wa ke rataye da lambar?

Ta shiga ciki. Ummussalma na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki da carbi a hannu. Ta ji komai, katangar zauren ba ta da kauri.

"Kin ji ikon Allah, Goggon yara," ta ce. "Malam, yayanki, ya so ranar nan kamar me. Babbar rigar da zai sa tana nan a goge cikin akwati. Ki je ki faɗa yadda yake faɗa. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Ma'u ta zauna a gefenta. Ta so ta yi shiru, amma bakinta bai saba ba.

"Yaya Umma, kin taɓa jin maganar lambar nan? Wai da damina Baffa ne yake zuwa?"

Carbin ya tsaya.

"Me kike nufi?"

"Ba na nufin komai. Kaina ne ya ɗaure."

"To kwance shi. So kike ki tashi a gaban abokan aikinsa, mutanen da suka yi masa salla, ki ce Malam ƙarya yake yi musu shekara da shekaru? Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba."

"Ni na ce ƙarya?"

"In ba Baba ne ya yi ba, me sunan abin?"

Hawaye ne ya zo wa Ma'u, ba ta san ko na Yaya ba ne, ko na haushin kanta.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da za a iya tambaya, ita ce Hajo, 'yar Baffa Yunusa. Ita kaɗai ya haifa. Ta yi aure a wani ƙauye gaba da Kirikasamma, mijin ya daɗe da rasuwa, idonta kuma ya tafi. Ran Laraba da safe Ma'u ta hau a-daidaita-sahu zuwa tasha, ta shiga mota, ta sauka ta hau acaɓa. Inda hanya ta ƙare aka tsallaka da ita a kwalekwale ta wata 'yar siririyar hanya da masunta suka sare a tsakiyar kacalla. Ciyawar ta fi tsayin mutum, ba ka ganin gaba ba ka ganin baya. Ma'u ta riƙe bakin jirgin da hannu biyu, tana ta shirya tambayarta, tana rushewa.

Ta tarar da Hajo a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗar iri da lalube.

"Wace ce wannan mai tafiya kamar an aiko ta karɓar haraji?"

"Ni ce, Adda."

"Asma'u! Ashe kina da ƙafa? Na ɗauka sai gawata za ki zo gani."

Suka rungume juna suka yi kukan Abdulwahid, domin Hajo ba ta samu zuwa gaisuwa ba. Da suka share ido aka kawo fura, Ma'u ta faɗi abin da ya kawo ta.

Hajo ta yi dariya har da tari.

"Ke dai ba ki da kai tun kina yarinya. A shekarar aka haife ni. Daga cikin ciki kike so in ba ki labari?"

"Abin da kika ji nake so, Adda."

"Abin da na ji, Babana ne. Ai ba sai an faɗa ba, da damina aka yi. Kuma kowa ya san ranar sunana yana gida, shi ya riƙe ragon da hannunsa aka yanka. In ba don an ajiye aiki ba, me zai kawo shi gida a tsakiyar damina?"

Ma'u ta ji kamar an sauke mata kaya, ko da yake ba irin saukin da take so ba ne. To, Baffa ne. Ta ɗauki ludayi za ta sha fura, sai ta ga Hajo ta daina ɓarar gyaɗa.

"Sai dai kuma," in ji Hajo.

"Sai dai me?"

"Innata ta taɓa cewa, shekarar nan da cikina ya tsufa tana ta laulayi, Babanku ya ce wa nawa, bana kai ka zauna kusa da matarka ka riƙe gandu, ni zan zarce da lambar."

"To ya yarda?"

"Oho. Ba ta faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Kin san Babana da taurin kai, in aka ce gabas sai ya yi yamma. Amma kuma yana jin maganar wansa."

"Ke nan yana iya yiwuwa yana gida ranar sunanki don dama bai tafi ba."

"Yana iya yiwuwa."

Ma'u ta ajiye ludayin.

"Tsaya, Adda. Inna ta sha gaya mini, shekarar da jirgi ya tsaya Baba yana cikin ruwa har ƙugu yana cire ciyawa a shinkafa, matsattsaku suka kama masa ƙafa, har ya mutu da tabon. Na ga tabon da idona. Ke nan Baba yana gona. Baffa ne ya tafi."

"Ko kuma ya ajiye aikin ya dawo ya shiga gonar. Yajin nan ai ya fi wata guda. Zama zai yi ya naɗe hannu, shinkafa na cikin ciyawa?"

Kaza ta zo ta saci gyaɗa ɗaya, babu wanda ya kore ta. Duk inda Ma'u ta juya maganar, sai ta ga mazan nan biyu a gona ɗaya, cikin ruwa ɗaya, ɗaya ya dawo ne daga yaji, ɗaya dama yana nan. Ta yi ƙoƙari ta tuna fuskokinsu. Dukansu dogaye ne, dukansu da tsage iri ɗaya. Ko ita da take 'yarsu, in sun ba da baya a gona takan kira wannan da sunan wancan.

"A Auyo babu wanda ya rage?"

"Wa? Duk suna maƙabarta. Ki je can ki yi sallama."

"Yaya bai taɓa tambayarki ba?"

Hajo ta juya fuskarta wajen da iska ke fitowa.

"Bara ya zo, bayan girbi. Ya sha fura a nan inda kike, ya tambayi ciwon ƙafata. Da zai tafi na ji ya tsaya a bakin ƙofa, ya daɗe. Na ce, Abdulwahid, mantuwa ka yi? Ya ce a'a. Ya ƙara tsayawa. Sannan na ji takunsa."

Ma'u ba ta san inda za ta ajiye wannan ba. Ya sani ne ya kasa faɗa? Ko shi ma kansa ne ya ɗaure? Ko kuwa takalminsa kawai yake nema?

Da ta tashi tafiya Hajo ta lalubo hannunta ta riƙe.

"Ni ba takarda nake so ba, me zan gani a jiki? Amma kin san Babana bai bar ɗa namiji ba. Tun da aka yi sadakar arba'in ɗinsa ban ƙara jin an ambaci sunansa a cikin mutane ba. Ko jika ba a mayar masa ba. An ce akwai lasifika a wajen?"

"An ce akwai."

"To." Ta sake ta. "Ki gaida mai takaba."

Ran Asabar tun da hantsi aka kafa rumfa biyu a filin wata makarantar firamare, aka jera kujerun roba. An ɗaura wani ƙyalle mai hoton waɗansu mutane da huluna irin na Turawa, Ma'u ba ta san ko ɗaya ba. Tsofaffin ma'aikata sun zauna a gaba, kowa da sandarsa. A baya kuwa mata ne cunkus da buhuna a naɗe a hammata, domin wani ya baza cewa rabon taki za a yi. Wata ta ja mayafin Ma'u.

"Baiwar Allah, a ina ake rubuta suna?"

"Ba rabo ba ne. Tunawa ake yi da yajin aiki."

"Yaji kuma? Malamai ne ko asibiti?"

"Na da ne. Shekara tamanin."

"Shekara tamanin ba a biya su ba?" Matar ta riƙe haɓa. Ba ta tafi ba, ta ce za ta jira ta gani.

Aka buɗe da addu'a, aka yi wa Abdulwahid Fatiha. Wani baƙo da ya zo daga Kano ya tashi ya yi dogon jawabi, rabi da Turanci rabi da Hausa, lasifika na ta kuka. Ya ce bayan yaƙin duniya kaya sun yi tsada, albashi bai motsa ba, sai ma'aikata suka haɗa kai, na jirgin ƙasa a gaba, suka tsayar da ƙasar nan kwana arba'in da huɗu. Wani tsoho daga gaba ya ce da biyar. Baƙon ya ce da huɗu. Tsohon ya ce shi da biyar ya sani. Malam Sunusi ya ɗaga hannu aka bar maganar a haka.

Sannan ya ce, "Yanzu sai 'yar marigayi Tukur Auyo, ƙanwar ɗan'uwanmu Abdulwahid."

Ƙafafunta suka kai ta gaba ba da shawararta ba. Aka miƙa mata abin magana, ta riƙe shi da hannu biyu kamar muciya. Tun daga gida ta yanke cewa labarin Yaya za ta bayar ta sauka. Da ta zo bakin filin ta yanke cewa na Inna za ta faɗa. Yanzu da ta ga fuskokin tsofaffin nan, waɗanda suka ɗauki makararsa, sai bakinta ya kama na Yaya da kansa.

Ta ba da shi tiryan tiryan. Kwandon da aka kifa, digar da aka jingine, heluma yana lallashi yana barazana. Har muryarta ta koma irin tasa. Da ta zo wajen tafiyar ƙafa sai ta ga yatsanta a sama.

"Bai sha ruwan kowa ba!"

Wuri ya ɗauki kabbara. Wani tsoho ya cire hula yana share ido da ita. Malam Sunusi ya taso da takardar yabo a cikin gilashi, yana murmushi. An gama. Abin da ya rage ta karɓa ta koma kujerarta.

Ba ta miƙa hannu ba.

"Da saura," ta ce. Lasifikar ta yi ƙara, ta jira ta yi shiru. "Wannan shi ne yadda Yayana yake faɗa, Allah ya jiƙansa. Amma akwai wanda mahaifiyarmu ta faɗa mini."

Ta faɗa musu. Lamba ɗaya, wa da ƙane, rani da damina. Ta faɗi maganar cikin da ya tsufa, da ragon suna, da matsattsaku. Tana faɗa tana jin yadda maganar ke fita a hargitse, gaba ta koma baya, baya ta dawo gaba. A duk rayuwarta ba ta taɓa kiran sunan mahaifinta da bakinta ba, ko na ƙanensa, domin ba a yi musu tarbiyya a haka ba.

"Sunan da ke littafi Tukur. Ƙanensa kuma Yunusa. Yunusa na Auyo. Yana da 'ya tana raye, Hajo, tana can gaba da Kirikasamma. Ɗayansu ne ya ajiye digar nan."

Malam Sunusi ya matso, ya yi ƙasa da murya, amma abin maganar ya kwashe.

"To Hajiya, wanne ne a ciki?"

"Ban sani ba, Malam."

"Ba ki sani ba?"

"Wallahi ban sani ba. Na je na tambayo, na dawo da ruɗanin da ya fi wanda na tafi da shi."

Surutu ya tashi. Baƙon Kano ya ce wannan ai ba tsari ba ne, tarihi da abin da ke rubuce yake aiki, sunan da ke littafi shi ne ma'aikaci. Sai wani tsoho mai suna Shu'ibu, wanda ya yi gadin mararrabar jirgi shekara talatin, ya dogara sanda ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, in haka ne a duba na uku a takardar nan. Mahaifina ne. Su ba ma su biyu ba ne, su uku ne a lambarsu, har da mijin ƙanwarsu. Ni dai an ce in kawo suna, na kawo wanda na gada."

"Kai Shu'ibu, zauna, kada ka ɓata mana taro!"

"Ni na ɓata? Kai naka uban da damina a ina yake, in ba a fadamar Auyo ba?"

Aka fashe da dariya, wasu kuma suka harzuƙa. Wannan na cewa nasu shi kaɗai ne, wancan na cewa a bar tone-tone. Matan baya suka matso, sun ɗauka an fara rabon. Cikin wannan hayaniya ne wata murya ta fito daga bayan rumfa ta biyu, muryar namiji, a sarari:

"Ashe dai Abdulwahid shafcin gizo ya yi ta ba mu!"

Ma'u ta juya wajen da muryar ta fito. Abin da Ummussalma ta faɗa ke nan, ga shi ya faru, kuma ita ta jawo.

"Wanda ya faɗi wannan ya taso in gan shi," ta ce.

Babu wanda ya taso.

"Yayana da ƙafarsa ya bi gidajenku yana ciwo. Abin da aka ba shi ya riƙe, ni ma abin da aka ba ni na riƙe. In akwai wanda yake wurin a shekarar, ya fito ya raba mu."

Babu wanda ya fito. Ta so ta ƙara da cewa Yaya bai san maganar lambar ba, amma ta tuna tsayuwarsa a ƙofar Hajo, sai ta kasa. Ta miƙa wa Malam Sunusi abin maganar.

Shi ma kansa ya ɗaure. Ya dubi takardar, ya dubi baƙon, ya dubi sauran goman da ke jere a kan tebur.

"An riga an buga, Hajiya," ya ce a hankali. "Yaya za mu yi?"

"Ba ka da biro?"

Ya juya gilashin, ya tanƙware ƙusoshin baya da farce, ya zaro takardar. Ya ɗora ta a kan gwiwarsa ya rubuta Yunusa a ƙarƙashin Tukur. Ya tsaya yana tunanin abin da zai sa a tsakaninsu, ko "da" ko "ko". Ya dube ta. Ta girgiza kai. Ya bar wurin babu komai. Kafin ya mayar da ita cikin gilashi, Shu'ibu ya riga ya iso tebur yana cewa a ara masa biron.

Ba ta jira ƙarshen taron ba. Ta sa takardar a cikin mayafi ta tari a-daidaita-sahu.

Labari ya riga ta isa gida. Ta tarar da Ummussalma a cikin ɗaki, ta juya wa ƙofa baya. Ma'u ta yi sallama, aka amsa can ƙasa. Ta zauna a bakin ƙofa, ba ta shiga ba.

"An ce an kira Malam maƙaryaci a lasifika."

"Ba a lasifika ba. Mutum ɗaya ne, daga baya. Na ce ya taso, bai taso ba."

"Amma ya faɗa."

"Ya faɗa."

"Ke kika buɗe masa ƙofa."

"Ni ce."

Ummussalma ta ja carbi ɗaya, biyu, ta tsaya.

"Abu ɗaya na roƙe ki, Ma'u. Ɗaya tak."

"Na faɗa yadda yake faɗa, Yaya Umma. Ban rage ko kalma ba. Har kuka aka yi."

"Sannan kika ƙara."

"Sannan na ƙara."

A tsakar gida iska ta fara kaɗa kwanukan wanke-wanke, ruwa na shirin sauka. Ummussalma ta juyo rabi. Idonta ya kumbura.

"To ke a ranki, tsakaninki da Allah, wa ya yi?"

Ma'u ta gyara zama a bakin ƙofar.

"Da safe da na fita, na ɗauka Baffa ne. Da na tsaya ina ba da labarin Yaya, wallahi sai na ga Baba a kan hanyar nan da tabarmarsa, kamar yadda nake ganinki. Da na kira sunan Baffa kuma sai fuskar ta zama tasa. Yanzu ban sani ba. Ko Yaya ya sani, shi ma ban sani ba."

Ta zaro takardar ta tura ta cikin ɗaki a kan tabarma. Ummussalma ta dube ta daga inda take. Ba ta iya boko ba, amma ta ga baƙin rubutu na inji, ta ga shuɗin na biro a ƙasansa, a karkace.

"Ɗora ta a kan gadonsa," ta ce. "Ni ba zan taɓa ba."

Ma'u ta shiga ta ɗora, ta fito ta tsaya tana gyara mayafi.

"Kada ki zo gobe," in ji Ummussalma.

"To." Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Jibi fa?"

Ummussalma ta mayar da fuskarta bango.

"Allah ya kai mu."